Takardar makin da na ɓoye a ƙarƙashin katifa

Wannan rubutun zai yi tsawo, don haka wanda datarsa ke kan gargara ya ajiye shi sai tsakar dare. Tun zangon karatun da ya wuce nake son yin sa, na bari ne sai ƙura ta lafa. Waɗanda muke makaranta ɗaya a nan Kafanchan sun san zancen, wasunsu ma sun zage ni a kansa, wasu a gabana wasu a bayan idona. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan kama sunan makaranta ba. Wanda ya sani ya sani.

Kafin in zo kan daren al'adu sai na fara tona wa kaina asiri. Ni ɗan Funtuwa, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji da wadda kan zubo da ruwan farkon damina, na zama mayen kallon wasan zamiya a kan ƙanƙara. E, wannan dai da ake sa takalmi mai wuƙa a ƙasa ana juyi kamar katantanwa. Ku yi dariyarku, na saba.

Abokin ɗakina ne ya jawo min. Ɗan Kagoro ne, can gindin dutsen nan da muke hangowa kullum da safe. Wani dare cikin hunturu, ba wuta, sanyi ya hana mu barci, ya miƙo min wayarsa ya ce, "Mutumina, kai da kake ji da lissafi, ƙirga min juyin yaron nan." Kallon farko ban ga komai ba, kamar an saki majajjawa. Sai da ya rage gudun bidiyon sannan na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, da rabi. Yaron shi ne Ilia Malinin, ɗan Amurka, shekararsa 17 a lokacin, kuma ranar 14 ga Satumba 2022 ya zama mutum na farko da ya yi wannan tsallen a gasa ya dira lafiya. Sunan tsallen Aksel. Shi kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba a dira da baya, shi ya sa kullum yake da ƙarin rabin juyi. Juyi huɗu da rabi a sama cikin ƙasa da sakan ɗaya, sannan mutum ya dira da ƙafa ɗaya a kan bakin ƙarfe. Daga wannan dare datar tsakar darena ta samu wurin zuwa.

Bayan mamakin ya wuce, abin da ya riƙe ni a wasan shi ne yadda suke ba da maki. Mu mun saba da dambe da kokawa, inda ba a buƙatar biro. Hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka, kowa ya gani. A ƙwallo ma raga ce ke raba gardama. Shi wannan wasa kuwa rawa ce haɗe da tsalle, dole sai wani ya zauna ya ce wane ya fi wane. To ga yadda suke yi. Kowane tsalle yana da farashinsa a rubuce tun kafin a fara: Aksel mai juyi uku da rabi maki 8.00, mai huɗu da rabi 12.50. Akwai wasu ƙwararru daban, aikinsu su duba bidiyo su tabbatar juyin ya cika, in bai cika ba a rage farashin. Sannan alƙalai tara kowa ya faɗi yadda ya ga kyawun abin, daga -5 zuwa +5. Sai a jefar da makin da ya fi kowanne yawa, a jefar da wanda ya fi kowanne ƙaranci, a yi lissafi da bakwai ɗin da suka rage. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Ɓangare na biyu kuma na iya rawar ne kanta: yadda aka tsara ta, yadda mutum ya bi kiɗa ya nuna shi a jikinsa, da gwanintar tafiya a kan ƙanƙarar. In an gama sai a saki takardar kowa ya gani layi-layi, alƙali na ɗaya ya ba da kaza, na biyu ya ba da kaza.

Ba don son ransu suka kai nan ba, abin kunya ne ya kai su. A gasar Olamfik ta hunturu ta 2002 a Amurka, a ɓangaren da mace da namiji ke wasa tare, aka ba 'yan Rasha zinare aka ba 'yan Kanada azurfa, 'yan kallo suka ƙi yarda. Daga baya wata alƙaliya Bafaransa ta ce an matsa mata lamba kan wanda za ta zaɓa. Ƙarshenta sai da aka ba ɓangarorin biyu zinare, aka kuma watsar da tsohon tsarin da ƙololuwar makinsa 6.0, aka kawo wannan na yanzu a 2004.

Za ku ce to shi ke nan, rigima ta ƙare. Ina! Da na ɗauka 'yan Arsenal da 'yan Chelsea na gidan kallo su ne ƙarshen masu musu. Ashe ban ga komai ba. Magoya bayan wasan maza sun rabu gida biyu, kuma ba ranar shiri. Gida ɗaya na cewa wasan motsa jiki ne, wanda ya yi abin da ya fi wuya shi ne zakara. Ɗaya gidan na cewa an mayar da abin gasar tsalle, yaro ya yi ta gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan yana jiran lokacin tashi sama, kiɗa na gabas shi yana yamma, kuma alƙalai su cika masa makin rawa don kawai ya iya tsalle. Mafi zafi a cikinsu masoyan Yuzuru Hanyu ne, Bajapanen da ya ci zinare a 2014 da 2018. A lokacin da yake shiga gasa, in ya gama wasa sai ka ga 'yan tsana na zubowa kan ƙanƙarar kamar ruwan sama, sai an sa yara sun kwashe. Su kam ko nawa aka ba shi a wurinsu an rage masa. A Beijin a 2022 ya gwada Aksel mai huɗu da rabin nan ya faɗi, ya zo na huɗu, Nathan Chen na Amurka ya ɗauki zinare. Har yau in kana son tayar da hankalin wasu, ka ambaci wannan ranar.

Ɗakinmu ma ya rabu. Ni ɗan gidan tsalle ne, lamba nake gani. Da Malinin ya yi tsalle mai juyi huɗu har guda shida a gasar duniya ta Maris 2024 a Kanada, ya samu 227.79 a dogon wasa, sai da maƙwabta suka buga mana bango. Shi abokina kuwa mutumin Hanyu ne da Jason Brown, wani Ba'amurke da ba a san shi da tsallen juyi huɗu ba amma in yana tafiya a kan ƙanƙara kamar ruwa ne ke gangara. Kullum sai ya ce min, "Kai kana kallon wasa da kalkuleta."

Shi ya ba ni labarin 2010 a Vancouver. Evgeni Plushenko na Rasha, wanda ya ci zinare a 2006, ya yi tsallen juyi huɗu. Evan Lysacek na Amurka bai ma gwada ba. Da aka tara maki, Lysacek 257.67, Plushenko 256.36. Rasha ta ɗauki zafi, shafin Plushenko ma har ya kira lambar azurfarsa da sunan filatinam. Kowa ya ɗauka da makin rawa aka kayar da shi. Amma da aka buɗe takardar dogon wasan, makin rawarsu kunnen doki ne, 82.80 kowannensu. A ɓangaren fasaha aka wuce shi, domin Lysacek ya fi shi tsabtar dira da juyin ƙasa, kuma ya tura tsalle da yawa zuwa rabin ƙarshe, inda ake ƙara kashi 10 cikin 100 saboda gajiya. Abin da jama'a suka yi rantsuwa a kai daban, abin da ke cikin takardar daban. Na yi dariyar labarin a lokacin. Ban san nawa yana hanya ba.

Daren al'adu. Duk wanda ya yi karatu a yankin nan ya san ba ƙaramin abu ba ne. Kudancin Kaduna ƙabilu ne birjik, Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Fantswam da sauransu, ga Hausawa da Fulani, ga ɗaliban da suka zo daga Binuwai da Filato da Kudu. (Af, 'yan'uwana sababbin zuwa, ku koyi kiran mutane da sunan da suke kiran kansu. Sunayen da muka taso muna ji a gida ba kowa ne ke son su ba.) Mutanen da suka taso suna kallon bikin Afan na Kagoro duk ranar 1 ga Janairu ba za ka koya musu rawa ba. Ƙungiyar ɗalibai ta sa gasa a ɓangaren maza, kowace ƙungiya ta fito da gwaninta da makaɗansa. Da yake lissafin kuɗi nake karantawa, sai aka ce ni zan tara maki. Na ji daɗi har da sa sabuwar hula.

Alƙalai biyar ne. Uku 'yan yankin nan, ciki har da wata Mama da ta daɗe tana aiki a makarantar, ɗaya ɗan Binuwai, ɗaya kuma wani malaminmu Bakano. Aka yago takarda aka ba kowannensu, aka ce ya rubuta maki cikin 20. Shi ke nan bayanin. Ba wanda ya ce ga abin da za a duba. Ni da na kwana wata da watanni ina karanta takardun makin Turawa, na ga haka na yi shiru. Wannan laifina ne na farko.

Namu gwanin ɗan Kano ne, siriri, kamar ba ƙashi a jikinsa. Koroso ya yi shi da abokin rawarsa. Wallahi abin da yaron nan ya yi ban taɓa gani ido da ido ba. Alkafura ta baya uku a jere, ya yi tafiya da hannu, ya haye kafaɗar ɗan'uwansa ya wuntsulo ya dira a tsaye. Ɗakin taron kamar zai tsage. Har 'yan Kudu da ba su taɓa jin sunan Koroso ba sun hau kan benci.

Bayansa da ƙungiya biyu sai ga ɗan Bajju, daga wajen Zonkwa. Shi ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta bar ƙasa da nisa ba. Ya rusuna, ya saki kafaɗu, ƙugu da ƙafa na amsa ganga kamar shi da makaɗin jiki ɗaya ne. Ihun bai kai na farko ba. Amma na ga matan da ke sayar mana da abinci, waɗanda suka leƙo ta taga, sun ajiye robobinsu suna guɗa.

Aka miƙo min takardu. Na tara. Ɗan Bajju 82, ɗan Kano 81. Na sake tarawa. Na sake na uku, hannuna na rawa. Na miƙa wa mai gabatarwa.

Ledar ruwa ce ta fara sauka, sai takalmi, sai na ji ƙarar benci. "Maguɗi ne!" "Dama alƙalai uku nasu ne!" Daga ɗaya gefen wani ya amsa, "A garinmu ma sai kun ce ku za ku ci?" Cikin minti biyu ba wanda ke ambaton rawa, zance ya koma mu da su. Masu gadi suka kashe janareto suka kore kowa. Shugaban shirya taron ya cusa min takardun a aljihu ya ce, "Ka ɓoye, sirri ne, kar kowa ya gani."

Wanda bai zauna a garin nan ba zai ce ai rawa ce kawai. Mu mun san abin da ake tsoro. Rikicin Maris na 1987 tsakanin ɗalibai ya fara, a harabar makaranta a nan Kafanchan, kafin a farga ya kai Kaduna da Zariya da Katsina da garinmu Funtuwa. A Afrilun 2011, bayan zaɓe, kasuwar garin nan ta ƙone. Akwai waɗanda muke aji ɗaya da su da suka rasa 'yan'uwa, ta kowane ɓangare. A irin wannan wuri ba a raina tartsatsi.

To ga abin da ke cikin takardun, wanda ni kaɗai na sani a daren. Ɗan Kano: 18, 19, 18, 17, 9. Ɗan Bajju: 17, 16, 17, 16, 16. Ukun farko su ne alƙalan yankin nan, waɗanda ake cewa sun yi son kai. Dukkansu namu suka ɗora a kan nasu. Mama ce ta ba shi 19, ta ba ɗan yankinta 16. Wanda ya ba da 9 kuwa, wanda shi kaɗai ya kayar da ɗan Kano, malaminmu ne Bakano. Na zauna a bakin gado na yi irin lissafin masu ƙanƙara, na jefar da na sama da na ƙasa. Ɗan Kano 53, ɗan Bajju 49. Da da wannan dokar aka yi, da kofin yana wani ɗaki daban.

Na ɗaga katifa na tura takardun. Kwana uku suna nan. Wannan laifina ne na biyu, kuma ya fi na farko girma. Zan faɗi gaskiya, tsoro ne. Malamin nan yana ɗaukarmu darasi, jarrabawa saura mako biyar. Kuma na san in sunansa ya fita za a ce ya sayar da 'yan'uwansa. Sai na ce wa kaina ai umarni aka ba ni.

A kwana ukun nan zaurukan WhatsApp suka kama da wuta. Aka ce ni na sauya lamba. Aka ce abokin ɗakina ne ya saye ni da gwaten acca. Wani ɗan garinmu, wanda muka shigo mota ɗaya ranar da muka fara zuwa makarantar nan, ya wuce ni a bakin masallaci kamar bai gan ni ba. A kantin cin abinci na lura an fara zama gefe-gefe, abin da ban taɓa gani ba tun zuwana. Abokina ya daina fita karatun dare. A ɗaki ba ma magana sai "ka ga cajata?"

Dare na uku, a cikin duhu, ya ce, "Mutumina, ba zan tambaye ka abin da ke cikin takardar ba. Amma ka tuna su ma masu ƙanƙara da ɓoye alƙalai suke yi?" Na tuna. Bayan abin kunyar 2002 sun riƙa sakin maki ba tare da an san na wane alƙali ba ne, wai don kar ƙasarsa ta matsa masa. Sai abin ya zama kowa na zargin kowa, har a 2016 suka haƙura suka daina ɓoyewa. Ya ce, "Yanzu saboda kana kare mutum ɗaya, ana zagin ƙabila guda." Ban san yadda aka yi ya gane mutum ɗaya ne ba. Ban yi barci ba.

Da safe na tafi ofishin Malam, takardun na cikin littafi. Na gaishe shi, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na shimfiɗa su a kan tebur.

Ya duba ya ce, "Ashe tawa ce ta yi wannan aikin?"

Na ce, "Ita ce, ranka ya daɗe."

Ya yi shiru, sannan ya ce in buɗe bidiyon. Ya ce kar in kalli yaron, in rufe ido in saurara. Masu Koroso suna ɗaura abin kacau-kacau a ƙafa, kuma a cewar Malam shi ne bakin rawar, shi ke amsa wa ganga da sarewa. Na rufe ido. Da farko ƙafa da ganga na tafiya tare. Sai ƙafar ta yi shiru, ganga na ta kira ba amsa. Can ta dawo, amma a bayan kiɗa, sai da makaɗin ya jira shi. Sau uku haka. Duk wuraren da muka hau benci muna ihu, nan ne rawar ta tsaya. Ya ce, "Ɗana, ni a Kano na taso ina kallon masu wannan abin. Yaron nan gwanin alkafura ne, ba musu. Amma rabin lokacin ƙafarsa na sama, wa zai amsa wa makaɗi?"

Na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, ko da haka ne, 9 ba ta yi tsanani ba? Shi ɗayan ba inda ya yi kuskure?"

Amsar da ya ba ni ita ce dalilin wannan rubutu. Ya ce, "Wataƙila ya yi. Ni ban san rawarsu sanin da zan ga kuskurensa ba. Na ga abu mai kyau na ba shi 16. Namu kuwa na san inda ya ɓata." Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Je ka tambayi Mama me ya sa ta ba nata 16."

Na je. Ta kama baki ta ce, "Ɗana, ai yaron nan ya tsallake taku guda tun a farko, kuma ba haka ake riƙe kafaɗa ba, da kakansa na nan da ya sha faɗa. Amma wancan mai tashi sama, kai! Ni ban taɓa ganin irinsa ba." Kun gani? Kowannensu ya tsaurara wa abin da ya sani, ya yi kyauta ga abin da ya burge shi. Mu kuma a waje mun rantse akasin haka aka yi, don abin da muka shigo da shi a zuciya ke nan tun kafin a buga gangar farko. Ni kaina da ba ni na riƙe takardun ba, na san gefen da zan tsaya ina ihu.

Malam ya ce in liƙa takardar, in sa sunansa da manyan baƙaƙe. Sauran huɗun ma suka yarda. Shugaban taron ya ɗan ja, daga baya ya saki. Ranar Alhamis da rana muka liƙa ta a allon sanarwa, na ɗauki hoto na tura zauruka.

Kar ku ɗauka musu ya ƙare. Ya ma ƙaru. Amma ya sauya layi. Sai ga 'yan Bajju suna cewa gaskiya an zalunci ɗan Kano, mutum ɗaya bai kamata ya rusa huɗu ba. Sai ga Kanawa suna cewa Malam ya yi daidai, in alkafura ake so a kira gasar da sunanta. Na tarar da wasu su shida a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ɗan Kwoi da ɗan Zariya a gefe ɗaya suna musu da ɗan Gusau da ɗan Zangon Kataf, sun rage gudun bidiyo suna ƙirga bugun ganga. Jijiyar wuya a miƙe, amma a kan rawa. Ɗan garinmu ya zo ya ba ni hannu, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Wanda bai huce ba shi ne ɗan Kano, kuma ba na ganin laifinsa. Wata biyu ya yi yana atisaye a kan siminti har ya gurɗe yatsa, kuma 'yan kuɗin kyautar ya riga ya yi musu wuri. Da na je ba shi haƙuri ya ce, "Malam, takarda ba ta dawo min da kofi ba. Ka san wannan lissafin tun farko, me ya hana ka faɗa kafin a fara?" Ban da amsa, har yanzu ma ban da ita. Abokin ɗakina yana kiransa mai filatinam, amma a bayan idonsa.

Ni kuma a ɗaki na rage baki. Na koma na kalli Jason Brown da ido a rufe, kamar yadda Malam ya koya min, ina jin yadda wuƙar takalminsa ke bin kiɗa. Har yanzu ina nan a kan cewa wanda ya yi juyi huɗu da rabi a biya shi haƙƙinsa. Amma na daina cewa masu kukan an kashe rawa ba su iya lissafi ba.

Yanzu an sa ni a kwamitin shirya na bana, ni da ɗan Kano da ɗan Bajju ɗin duka. Na kai tsari a rubuce: a raba maki biyu, rabi na wuyar abin da aka yi, rabi na bin kiɗa da tsari, a jefar da na sama da na ƙasa, a liƙa takarda da sunaye a daren. Zancen liƙa takarda ya wuce ba musu. A kan sauran aka tsaya. Ɗan Kano ya ce a sa wa alkafura farashi. Wani ɗan Atyap ya ce to nawa ne farashin kafaɗa, nawa ne na guɗar tsofaffi? Wata ta ce in alƙalai biyar ne aka jefar da biyu, saura uku, kuma wanda za a riƙa jefarwa shi ne wanda ya fi kowa sanin rawar, kamar Malam. Wannan ta ɗaure ni, don gaskiya ta faɗa.

Don in sassauta zaman na ba su labarin alkafura a kan ƙanƙara. Tun shekarun 1970 aka haramta ta a gasa. A Janairun 2024 wani ɗan Faransa, Adam Siao Him Fa, ya yi ta da gangan a gasar Turai, aka cire masa maki biyu, duk da haka ya lashe. A shekarar aka ɗage haramcin. Ɗan Kano ya gyara zama ya ce, "To nawa suke ba ta yanzu?" Na ce ba ta da farashin kanta, an dai daina hukunta mai yin ta. Ya ja tsaki ya ce su ma ashe Malam ne alƙalinsu.

An ɗage zaman zuwa Alhamis mai zuwa. Abin da muka fi karkata a kai shi ne kowace rawa a samo mata mutum ɗaya da ya san ta ciki da bai, ya zauna gefe kamar masu duba bidiyon nan, aikinsa kawai ya ce nan an tsallake taku, nan an saki kiɗa, sauran alƙalai su ba da maki bayan sun ji. Na Bajju da na Ham da na Tibi mun samu. Na Koroso Malam ya ce shi ya tuba. Don haka wanda ya san wani tsohon makaɗi ko ɗan rawa tsakanin Kafanchan da Jos ko Kaduna, wanda zai iya zuwa a kuɗin mota da abinci, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo kafin Laraba.